Mu da Karnukanmu a Hanyar Lambu

A Mubi ba sai mun duba kalanda ba kafin mu san hunturu ya fara naɗe tabarmarsa. Mai shayi ne ke riga kowa ganewa, domin cinikin asuba ya ja da baya, masu zuwa da rigar sanyi biyu-biyu sun koma zuwa da ɗaya. Sai mai kanti ya lura basilin ya daina ƙarewa, kaushi da faso sun yi sauƙi. Sai kuma wata safiya mutum ya fito ya dubi gabas, ya ga duwatsun Mandara sun bayyana tar. Tun Disamba hazo ya rufe mana su, ƙurar nan da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi ta zo ta juye mana a ka. Ranar da aka soma ganin duwatsun da hantsi, a ranar tsofaffinmu ke cewa a wanke randa a gyara mata mazauni, bazara ta kusa.

Wannan ɗan tsakani, daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Maris, shi ne lokacin da asuba ke da ɗari, azahar kuma ke da zafi, kuma shi ne lokacin da unguwarmu ta fi sauka bakin kogi. Yadzaram da ya ratsa garin nan, wanda da damina yake tumbatsa ya ci gaɓa ya miƙa arewa har Bama, yanzu yashi ne a shimfiɗe, sai 'yan kududdufai jefi-jefi. Amma ruwan bai tafi ko'ina ba, nutsewa ya yi a ƙarƙashin yashin, mu kuwa mun san inda yake kwana. A haƙa rami ko a kafa bututu, a ɗaura injin ban-ruwa, sai ga shi yana gangarawa fangali bayan fangali. Dattawa suna tuna zamanin jigo, lokacin da ƙarfin kafaɗa ne ke shayar da lambu. Yau inji ne, shi kuwa inji fetur yake sha, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 babu mai lambun da bai ji a jikinsa ba. Abin da muka koma yi shi ne karo-karo: mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗin galan guda, yau a shayar da na wane, gobe na wane. Wanda ya samu hali ya juya injinsa ya koma aiki da gas, wani ya kafa mai aiki da hasken rana, maƙwabta na raɓawa.

Wanda bai taɓa shiga lambu a ƙarshen hunturu ba, bai ga lambu ba. Tumatir ya nuna gaba ɗaya kamar an yi masa shela, har ana rasa kwandon zubawa. Kasuwa ta cika, farashi ya faɗi, don haka matan gida suka fito da wuƙaƙe, ana yankawa ana shanyawa a kan tabarma da rufin kwano, a yi kauɗar da za ta riƙe miya har tsakiyar damina. Albasa ta fara kwantar da ganye, wanda ya san aikinsa kuwa a nan yake janye mata ruwa, ya bar ta ta ƙosa ta bushe wuya, in ba haka ba ko wata guda ba za ta yi a ajiye ba sai ta ruɓe. Latas ya fara miƙa kai sama yana neman fure, da zarar ya yi haka kuwa ya zama mai ɗaci, sai a bar 'yan tushe kaɗan don iri a cire sauran. Kabeji da karas sun kusa sallama. Tattasai yana zubar da fure duk ranar da zafi ya tsananta. A gurbinsu muna watsa alayyafo da yakuwa da lalo, muna dasa kuɓewa, domin su ba sa tsoron rana in dai sun sha ruwa.

Akwai fargaba guda da ke hana mai tumatir barci a wannan lokaci, wato tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon, wadda ta yi wa tumatirin Kano da Kaduna kaca-kaca a 2016. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafin dare ne ke saka ƙwai a ganye, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige cikin ganyen tana ci daga ciki, daga nan ta huda 'ya'yan. Sanyi na rage mata ƙarfi, zafi na ƙara mata. Shi ya sa da an ga duwatsu sun fito, sai ka ga kowa na juya ganyen tumatirinsa yana dubawa. Abin da nake roƙon 'yan'uwa a kai shi ne feshi. Kada a fesa magani yau a tsinka gobe a kai kasuwa. Kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba ba ado ba ne, kuma tumatirin nan 'ya'yanmu ne ke fara cin sa ɗanye da ƙuli-ƙuli.

Ba a shiga lambun mutumin Mubi a fita hannu rabbana. Yarinya za ta zo da 'yar roba ta durƙusa ta ce, “Bappa, Dada ta ce a gaishe ka, wai a sam mata na miya.” Ba a tambayar kuɗi. A tsinko tumatir, a haɗa da attaruhu da ɗaurin alayyafo, a ce, “Ki gaida ta, ki ce mata albasa sai mako mai zuwa.” Bagude ne mai lambun ko Bafali, Banjanyi ne ko Bafulatani, Bahigi ko Bamargi ko Bahaushe, mai zuwa masallaci ne ko mai zuwa coci, wannan al'ada ɗaya ce a bakin kogin nan, kuma tana cikin abubuwan da nake alfahari da su a garinmu.

To, a hanyar lambun nan ba mu kaɗai muke tafiya ba. A ƙasashe irin su Ingila da Amurka mutum kan sa wa karensa igiya ya fita da shi safe da yamma don ya miƙe ƙafa kawai. Namu karen ma'aikaci ne. A lambu yake kwana, shi ke korar awaki da ɓarayin dare, masu lambu ta gindin dutse kuma shi ke raba su da birai. Da asuba yakan taro maigidansa tun daga bakin unguwa, ya wuce gaba yana shinshine-shinshine, ya dawo, ya sake wucewa. A gidajen Musulmi ba a shigar da shi tsakar gida, amma ba a wulaƙanta shi. Malamanmu sun karantar da mu cewa ajiye kare don gona ko kiwo ko farauta halal ne, ƙwaryar da ya sa baki a ciki kuma a wanke ta sau bakwai. Sunayensu ma abin sauraro ne, don sau da yawa saƙo ne ake aika wa wani: wannan Ba-ruwanka, wancan Zuba-ido, na gaba Sai-haƙuri. In ka ji mutum ya tsaya a bakin hanya yana ƙwala wa karensa kira, wani lokaci da maƙwabci yake zance.

Karen ne ke nuna mana abin da idonmu zai wuce. Daji ya bushe ƙarau, ciyawa ta zama hakukuwa, ruwa da ɗanyen ganye sun rage a bakin kogi kaɗai, saboda haka duk wani mai rai ya gangaro inda muke. Kare zai tsaya cak a gindin shinge yana haushi, ka leƙa ka tarar bushiya ce ta dunƙule, ta bar masa ƙaya. Zai yi ta zagaya ta har ya gaji ya haƙura. Can kurege zai gilma da jela a miƙe ya faɗa raminsa, shi da mai gyaɗa da mai dankali kuwa ba a ga-maciji. Zomo kan yi lamo a gindin ciyawa har sai an kusa taka shi, sannan ya zabura, in ya samu fili kuwa kare sai dai ya sha ƙura. Makwarwa na kiran juna tun kafin rana ta fito. A kududdufin da ya rage, guza na shan hantsi a kan gaɓa, yana jin motsi ya sulale cikin ruwa. Damo sarkin haƙuri ba a cika ganinsa yanzu ba, yana cikin rami yana jiran ruwan farko, sai dai in yara sun sa kare ya shinshino shi sun tono.

Tsuntsaye kuwa sai wanda ya gani. Da an saki ruwa a fangali, balbelu za su sauko su bi bayansa, duk gyare da fara da tsutsar da ruwan ya tasa su tsince. Ban san wani ɗan ƙwadago da ya kai su aiki ba tare da neman lada ba. Cilakowa na shawagi daga tsamiya zuwa tsamiya, kurciya da hasbiya na sauka shan ruwa da hantsi, hankaka na jiran a juya baya. Akwai wasu ƙananan tsuntsaye masu rawayan ciki, masu yawan kaɗa jela, da ke bin ƙafafun shanu a bakin kogi. Baƙi ne. Daga Turai suke tsallako hamada su yi hunturu a wajenmu, a Maris da Afrilu su koma gida su yi ƙwai. Suna tafiya ba da daɗewa ba shamuwa ke isowa, ita kuwa kowa ya san abin da ke biye da ita, sai a fara gyaran garma.

Itatuwa ma suna nasu sha'ani. Mangwaro ya yi fure har ƙasa ta rufe, ƙudan zuma na ta kai-kawo, wasu bishiyoyin har sun ɗaura 'ya'ya, yara sun fara yawo da gishiri da barkono a aljihu. Mutanenmu na cewa in hunturu ya yi ƙarfi, mangwaro zai yi albarka. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, yanzu yana sakin 'ya'yansa, tumaki da awaki na rububi a gindinsa. Kuka ta tuɓe tsaf. Ɗorawa kuwa ta fara rataya tutunta jajaye. Wanda ya taɓa yin dare a lambu a wannan lokaci ya ga yadda jemagu ke dafifi a kanta. Zaƙin furen suke sha, suna sha suna kwasar garinsa a jiki suna kai wa wani furen, ta haka ɗorawar ke ɗaukar 'ya'ya. Duk matar da ta jefa daddawa a miya, jemage na da hannu a ciki. Gaskiya ne in mangwaro ya nuna zai ci rabonsa, amma ni dai na ga ya biya kuɗinsa tun da wuri.

Inda hirar tamu ke ɗaukar zafi shi ne batun wuta. Da la'asar sakaliya za ka ga samari sun haɗa gayya, kowa da karensa da gora da ashana a aljihu, sun nufi bayan gari farautar gafiya da zomo. A kewaye fili, a cinna wa ciyawa wuta ta gefe guda, a tsaya ta ɗaya gefen da karnuka. Shirwa na ganin hayaƙi ta taru a sama tana cafke farin da ke tashi. Kwanan baya na ji wani dattijo mai lambu ya tare wani saurayi a hanya, ga gafiya biyu rataye a kafaɗarsa, fuska duk toka.

“Sannu da farauta, ɗana. Wutar can ta gabas taku ce?”

“Tamu ce, Bappa. Ai ciyawa ce kawai, kuma in ta ƙone sabuwa za ta tsiro, shanu su samu.”

“Ka kashe ta kafin ka taho?”

“Za ta mutu da kanta, Bappa.”

“Ba ta mutuwa da kanta sai ta ƙoshi. Harawar da aka ɗora a kan bishiya a wajen, ta mutum ce. Amyar da ke rataye a ɗorawar can, ta mutum ce. Kai ka samu naman miyar dare ɗaya, wani ya rasa abincin dabbobinsa na wata uku. In kana son gafiya, ga rami ga karenka ga magirbi, ka tona. Haka muka yi muna yara.”

Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya huci zuciyarka, Bappa.” Ya juya ya koma wajen wutar, abokansa biyu suka bi shi da ɗanyen reshe.

Ina bayan dattijon nan ɗari bisa ɗari. Wuta ba ta tantance gafiya da bushiya, ba ta san kunkuru ba ya gudu ba, ba ta san hawainiya na tafiya a hankali ba. Tana cinye busasshen ganye da karan da ya kamata su ruɓe su zama taki, ta bar ƙasa tsirara, ruwan farko ya zo ya wanke ta zuwa kogi. Ƙananan itatuwan da suka tsiro bara, waɗanda da sun zama kanya da magarya da aduwar jikokinmu, a nan suke ƙarewa. Sannan ɓerayen da suka tsira ina suke nufa? Gidajenmu da rumbunanmu. Mu kuwa bai kamata a tuna mana abin da ɓera ke ɗauke da shi ba. Garin Lassa, wanda aka sa wa zazzaɓin nan sunansa bayan an gano shi a can a 1969, yana nan arewa da mu a Ƙaramar Hukumar Askira/Uba ta Jihar Borno. Wani ƙaramin ɓera ne mai yawan nonuwa ke yaɗa cutar ta fitsarinsa da kashinsa, kuma da rani ta fi tashi, daidai lokacin da muke shanya kauɗa da gari a fili. A ɗaga shanya daga ƙasa, a kwashe ta kafin magariba, a rufe abinci, yara kuma su bar wasa da ɓera ko da matacce ne.

In ka zauna da tsofaffin maharba za su lissafa maka abin da idonsu ya gani a dajin nan suna samari: gada da barewa da mugun dawa, beguwa a kogon dutse, garken zabin daji da ke tashi su rufe hanya, kukan kura da dare har cikin gari. Yau yaron da aka haifa a Lokuwa ko Kolere ko Shuware zai iya girma bai taɓa ganin gada da idonsa ba, sai dai in an kai shi Gashaka-Gumti can kudu, gandun daji mafi girma a Nijeriya, wanda ya ratsa Adamawa da Taraba. Ko ungulu, wadda da take cika mahauta da bakin kasuwar shanu har ana korar ta, ta yi ɓatan dabo. Guba da masu sayen kanta da ƙafafunta don tsibbu sun gama da ita, har a 2015 masana suka sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Mushen da take share mana a wuni ɗaya yanzu kwana yake yi yana wari, karnukan da ba su da mai su na ja.

Ba ina aibata farauta ba ne, Allah ya kiyaye. Mutumin Mubi ba zai raina maharbi ba. Da 'yan Boko Haram suka shigo garin nan a ƙarshen Oktoban 2014, muka watse, wasu Yola wasu Kamaru wasu kan duwatsu, aka bar gidaje da amfanin gona ba mai kula, maharba da 'yan banga suna cikin waɗanda suka tsaya tare da sojoji aka ƙwato shi a tsakiyar Nuwamba. Sanin daji ne ya ba su wannan ƙarfin, shi kuwa sanin daji a wajen manya ake koyon sa, tare da ladubbansa. Su da kansu suke faɗa cewa a da ba a harbin dabba mai ciki ko mai shayarwa, ba a taɓa tsuntsuwar da ke kwance kan ƙwai, ba a fita gayyar farauta sai da iznin Sarkin Baka, kuma wanda ya sa wuta ta ci kayan mutane sai ya biya. Samarinmu sun gaji karnukan da gorar, saura su je su karɓo ladubban. Dattawan suna nan da ransu, gaisuwa da goro kawai za a kai musu.

Shi kansa karen yana da haƙƙi a kanmu. Zafi na shigowa, a ajiye masa ruwa a inuwa, a cire masa kaska, a kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin hauka duk shekara. Ciwon haukan kare in ya bayyana a jikin mutum ba a cika tashi ba, amma ana tare shi tun kafin ya bayyana. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti a ranar, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. Haka batun maciji. Da ɗumi ya fara, kububuwa da kasa da gamsheƙa na fitowa neman sanyin fangali. In kare ya tsaya yana haushi wuri guda ya ƙi matsawa, a ja baya a duba da sanda, kada a zura hannu. Mai ban-ruwan dare ya sa takalmi mai rufi ya riƙe tocila. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga ba tsotsa ba ɗaure jijiya, asibiti kai tsaye. Mutane har Kaltungo ta Jihar Gombe suke kai majinyata saboda asibitin saran maciji da ke can.

Saura 'yan makonni mu kwashe albasa, zafi ya karɓi gari. Hamma mai kare, Bappa mai lambu, da ku samarin gayya, gobe in za a gangara kogi a bar ashana a gida. In kare ya tare bushiya a kira shi ya ƙyale ta, a hana yara harbin balbela da jemage da danƙo, kuma duk mai kare ya kai shi a yi masa allura kafin watan Maris ya fita.